Yadda Za Ka Rage wa Tsohuwar Motar Amurka Mai Ƙwanji Nauyi da Kuɗi Kaɗan

A shekarar 1968 kamfanin Chrysler ya tura wasu motocinsa, Dodge Dart da Plymouth Barracuda, wurin kamfanin Hurst domin a haɗa su musamman don tseren miƙaƙƙiyar hanya. An cusa musu babban injin Hemi 426, kuma shi kowa ke magana a kai har yau. Abin da ba a cika ambata ba shi ne irin ramar da aka sa motocin suka yi. Bonet da fendojin gaba na faiba aka saka. An tsoma ƙofofi cikin asid har ƙarfensu ya sirance. Babu kujerar baya, babu rediyo, babu hita. Kujerun gaba daga motar kaya ta Dodge A100 aka ɗebo su, gilashin ƙofa kuma da maɗauri ake jawo shi sama, domin an cire abin naɗe shi. Batir yana cikin but. Shekara huɗu kafin nan Ford ta yi kusan irin wannan aiki a kan Fairlane Thunderbolt ta 1964, Pontiac kuwa a 1963 sai da ta huda shasin Catalina da manyan ramuka har ake kwatanta shi da cukun Suwizalan mai ɓuli-ɓuli.

Injiniyoyin Detroit, cibiyar kamfanonin motar Amurka, sun san cewa motocin nan da Amurkawa ke ce wa muscle car, wato mota mai ƙwanji, an yi su da ƙarfe fiye da buƙata. Kai ma da ke da Chevelle ko Mustang ko Road Runner a gareji za ka iya bin sawunsu ba tare da asid ko dirila ba, kuma ba tare da ka lalata motar ba. Zan ɗauki Chevrolet Chevelle ta 1969 zuwa 1972 mai injin 350 a matsayin misali, domin tana da yawa, kayanta ba sa wuyar samu. Inda Ford ko Chrysler suka bambanta zan faɗa.

Ribar aikin a fili take. 'Yan tsere sun daɗe da wani ƙiyasi: duk laba 100, wato kilo 45, da ka sauke, za ka rage kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan a tseren rubu'in mil, mita 402 ke nan. Ko kuma ka lissafa ta haka. Mota mai kilo 1,650 da ƙarfin doki 300, kowane doki yana jan kilo 5.5. In ka sauke kilo 110, daidai yake da ka ƙara wa injin doki 21. Amma dokin da ka saya da kuɗi gudu kawai zai ba ka. Nauyin da ka sauke zai taimake ka a gudu, a birki, a kwana, har da shan mai.

Sikeli kafin sifana

Kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka auna motar. A Amurka manyan tashoshin tireloli suna da sikelin awon mota, irin na CAT Scale, da kuɗi kaɗan za a auna maka. Filayen tsere da wuraren sayen tsohon ƙarfe su ma suna da shi. Sikelin tirela ba ya ganin ƙananan kilo, amma ya isa a fara. Ka cika tanki fal kafin ka je, domin duk lokacin da za ka sake awo ka san man daidai yake. Ka auna motar gaba ɗaya, sannan ka ɗora ƙafafun gaba kaɗai, sannan na baya kaɗai. Ka rubuta lambobin uku.

Chevelle ta waɗannan shekaru takan faɗo tsakanin kilo 1,550 da 1,750, gwargwadon inji da kayan alatun da aka saka mata. Za ka tarar gaba ya ɗauki kashi 55 cikin 100 ko fiye, musamman in babban inji ne. Wannan lambar ta fi jimillar nauyin muhimmanci. Motocin nan ƙafafun baya ne ke tura su, alhali nauyin yana kan hanci, shi ya sa taya ke ta juyawa a banza in an taka wuta, shi ya sa kuma hancin ke ƙin shiga kwana. Kilo ɗaya da ka cire daga gaban ƙafafun gaba ya fi kilo biyu da ka cire daga but amfani. Haka nan nauyin da ke sama ya fi na ƙasa cutarwa, wanda ke juyawa kuma, kamar wili da taya, ya fi wanda ke zaune.

A gida kana buƙatar sikelin awon mutum da littafi. Duk abin da ya fita daga motar ka auna shi, wanda zai maye gurbinsa ma ka auna. Kafin ka sayi kowane abu ka raba kuɗinsa da kilon da zai rage. A ce wani abu dala 100 ne, zai rage kilo 10, to kowane kilo ya tsaya maka dala 10. Wani dala 600 ne, zai rage kilo 12, kowane kilo dala 50. Wannan lissafin shi zai tsara maka abin da za ka fara da shi, kuma sau da yawa zai hana ka sayen abin da ya burge ka a talla.

Sai ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta: duk abin da ka cire, ka ajiye. Ka sa notocinsa a leda, ka rubuta suna, ka ɗauki hoto kafin ka kwance. Darajar motocin nan tana cikin kayansu na asali, kuma manifol ɗin ƙarfen da yau kake gani kamar shara yana ɗauke da lambar zubi da kwanan watan da mai saye zai nema gobe. In motarka cikin masu wuyar samu take, kamar Chevelle SS 454 LS6 ta gaske ko Camaro ZL1 ta 1969 wadda guda 69 kacal aka yi, ka bar ta yadda take. Wannan jagora ta motar hawa ce.

Abin da ba zai ci maka ko sisi ba

Buɗe but. Safaya taya da wilinta na ƙarfe da dogon jak ɗin bamba sukan kai kilo 20 zuwa 25. A filin tsere ka sauke su. A kan hanya kada ka fita babu safaya, sai dai ka nemi siririya mai ramukan noti irin na motarka, ka tabbatar tsayinta ya yi kusa da na sauran tayoyin in akwai Positraction a bayan motar, wato na'urar da ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai, domin tayoyi masu bambancin tsayi suna cin kulocin da ke cikinsa. Akwatin sifanoni, tsoffin sifiku, galan ɗin mai, ƙarfen jan tirela da wani ya ɗaura shekara talatin da suka wuce, duk su fita.

Man fetur ma kaya ne. Lita ɗaya tana da kimanin giram 740. Tankin Chevelle yana cin galan 20, kusan lita 76, wato kilo 56 in ya cika. Rabin tanki ya rage maka kilo 28 nan take. Amma man yana bayan mota, inda ake son nauyi, kuma in ya yi ƙasa sosai yakan guje wa bakin bututu lokacin tashi da ƙarfi, injin ya shaƙe. Kada ka sauka ƙasa da rubu'in tanki.

Ka shiga ƙarƙashin motar da abin kankara da ruwa mai ƙarfi. Laka da maiƙo da tsohon baƙin shafe na shekara hamsin sun taru a cikin fendoji da kan shasi. Ba abin mamaki ba ne ka share 'yan kilo daga nan, kuma a nan ne za ka ga tsatsar da ke ɓoye.

Cikin mota

Doguwar kujerar gaba ta Chevelle tana da nauyin da sai mutum biyu sun kama, kilo 40 ko sama. Kujerun tsere marasa kwanciya ba sa wuce kilo 7 zuwa 10 kowacce, kuma ana samun na hannu da araha. Hattara da kujerun motocin zamani na wurin 'yan gwangwan. Suna da kyau a ido, amma motocin lantarki da jakar iska da ke cikinsu sukan sa su fi tsohuwar kujerarka nauyi. Ka tafi da sikelinka.

Ɗaure kujera ba wurin tsimi ba ne. Motar da ta fito da doguwar kujera ba ta da ƙafafun ciki na kujeru biyu, sai an yi musu walda a daɓen motar. In za ka huda daɓe, ka sa farantin ƙarfe mai kauri daga ƙasa, da notoci masu ƙarfi na daraja ta 8. Mazaunin bel kuwa kada ka taɓa shi.

Kujerar baya kilo 15 zuwa 20 ce, cikin minti biyar take fita. Masu Mustang ta 1965 zuwa 1970 su tsaya a nan su saurara. A waɗannan motocin saman tankin mai shi ne daɓen but, tsakaninsa da fasinja kuwa babu komai sai kwali da bayan kujera. In aka daki motar ta baya tankin ya fashe, man cikin mota zai shigo. Duk wanda ya cire kujerar baya a irin wannan Mustang dole ya rufe wurin da farantin ƙarfe ko alminiyam, ya toshe gefunansa. Ko da kujerar tana nan ma, ina ba da shawarar a saka farantin.

Ƙarƙashin kafet akwai shimfiɗar auduga da baƙar tabarma mai kama da kwalta da aka manna don hana ƙara. Duka-duka za su kai kilo 15 zuwa 20, in audugar ta sha ruwa kuwa ta fi haka, kuma ita ce ke ruɓar da daɓe. Kwaltar tana da hanya mai sauƙi: busasshiyar ƙanƙara, wato dry ice, wadda sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Ka farfasa ta, ka baza a kan kwaltar, ka rufe da tsumma, ka jira minti 15 zuwa 20. Za ka ji tana ƙas-ƙas. Sai ka buga da gudumar roba, ta ɓalle fale-fale. Ka sa safar hannu mai kauri, ka buɗe ƙofofi duka, domin hayaƙinta yana korar iskar numfashi. Ka sa abin rufe hanci na ƙwarai, kada kuma ka goge da injin gurza, saboda wasu kayan wancan zamani akwai asbestos a cikinsu, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. In daɓen ya fito fili ka kashe tsatsa, ka yi fenti, sannan ka mayar da siririn kafet.

Ni dai ba na cire abin tare zafin da ke bangon inji da na saman salansa. Bai fi kilo biyu ko uku ba, kuma in babu shi ƙafarka za ta gasu a tafiyar awa ɗaya. Motar da aka yashe cikinta ƙarƙaf tana da ƙara da zafi har mai ita ya daina sha'awar hawanta. Plymouth Road Runner ta farkon 1968 ko kafet ba ta da shi, amma an bar mata kujeru da rufin ƙofofi. Iyakar da ta dace da motar titi ke nan.

Hancin mota, inda kilon gaske yake

Ƙaramin injin Chevrolet na zubin ƙarfe yana da kimanin kilo 260, babban kuwa ya haura 300. Ba za ka canja bulok da araha ba, amma abubuwan da aka rataya masa yawancinsu suna da 'yan'uwa marasa nauyi.

Na farko na'urar sanyi. Kwamfiresar Frigidaire A6 da GM, wato General Motors mai Chevrolet, ta riƙa sakawa ita kaɗai ta kai kilo 15 ko fiye. In ka haɗa da ƙarafunan da ke riƙe ta, da kwandensa, da bututu, da ƙaton akwatin da ke jikin bangon inji, za ka kusanci kilo 40, kuma kusan duka a kan ƙafafun gaba. In na'urar ta mutu tun tuni, wannan shi ne kilo mafi araha a duk motar. In akwai sauran gas a ciki, R-12 ne, kuma dokar Amurka ta hana sakinsa a iska, sai ka kai wa mai na'urar zuƙewa. Wanda ke zaune a Texas ko Arizona kuma ba zai iya rabuwa da sanyi ba, ya canja zuwa ƙaramar kwamfiresa irin ta Sanden, nauyinta kusan rabin na tsohuwar ne. Hita kuwa ka bar ta. Ita ke share raɓa daga gilashin gaba, kuma nauyinta bai kai haɗarin tuƙi a makance ba.

Na biyu manifol ɗin shigar mai, wanda kafireta ke zaune a kai. Na ƙarfe a ƙaramin Chevrolet kimanin kilo 18 ne, na alminiyam kuwa 7. A injin Ford na dangin FE, kamar 390 da 428, na ƙarfen ya wuce kilo 30, don haka ribar ta ninka. Kuma nauyi ne da ke can saman inji. Na hannu irin Edelbrock Performer suna cike a kasuwannin tsoffin kayan mota kamar na Carlisle a Pennsylvania da Pomona a Kalifoniya. Kafin ka biya ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskokinsa ka ga ko ya lanƙwashe, ka duba ko ruwa ya cinye wurin zaman tamostat, ka gwada noti a kowane rami. Ka tabbatar kuma na zamanin injinka ne: na asali noti 12 gare shi, daga 1987 an canja kusurwar notocin tsakiya, na kawunan Vortec kuwa daga 1996 noti 8 ne. Ba sa hawa kan juna.

Aikin na yini ɗaya ne. Cire wayar batir, ka tsiyaye ruwan lagireto. Buɗe hular distiributa, ka yi alamar inda rota ke kallo da inda jikinta ke zaune, sannan ka zare ta, kada kuma a juya injin har ka mayar. Cire kafireta da tiyo da wayoyi, ka kwance notoci, ka ɗaga manifol ɗin. Shimfiɗa tsumma a kwarin da ya buɗe, ka cusa takarda a ramukan shigar mai kafin ka fara kankare tsohon gasket. Ka ƙirga takardun da ka cusa, ka ƙirga su kuma lokacin fitarwa. Robobin gaba da baya da ke zuwa cikin kwalin gasket sun saba zamewa su yi yoyo, don haka yawancin makanikai suna ajiye su, su zuba gam ɗin silikon mai kaurin milimita 6 a wurin, ya ɗan hau kan bakin gasket ɗin gefe. Sauke manifol ɗin tsaye, kada ka ja shi gaba ko baya. Ɗaure notoci daga tsakiya zuwa waje, kana tsallakawa hagu da dama, a zagaye biyu ko uku, da sifana mai auna ɗauri, gwargwadon abin da mai manifol ɗin ya rubuta. Mayar da distiributa kan alama, ka saita taimin, ka canja baƙin mai domin ruwa da datti sun faɗa ciki. Kafin ka rufe bonet ka ɗora ɗan curin laka a kan murfin abin tace iska, ka sauke bonet a hankali, ka ga tazarar da ta rage.

Na uku kik. Tsohon kik ɗin GM kilo 9 zuwa 10 ne. Ƙaramin da ke cikin motocin kayan Chevrolet na ƙarshen shekarun 1990 kusan kilo 4 ne, ya fi ƙarfi, kuma ba ya kasala in ya sha zafin salansa. A wurin 'yan gwangwan za ka same shi da ɗan kuɗi. Ka ƙirga haƙoran fulawil ɗinka tukuna: mai 168 yana tafiya da kik mai ramuka a karkace, mai 153 da mai ramuka a jere. Ka taho da notocinsa, domin ba ɗaya suke da na tsohon ba. Masu Dodge da Plymouth su ma suna da irin wannan sa'a da ƙaramin kik ɗin Dodge Dakota na shekarun 1990.

Manifol ɗin fitar hayaƙi na zubi in an musanya shi da na siraran bututu ana rage kilo 5 zuwa 10, a kuma samu ƙarin ƙarfi. Famfon ruwa na alminiyam yana rage kilo 3. Lagireto na alminiyam yana rage kaɗan, don haka ka jira sai naka ya fara yoyo. Da yayyafi kogi kan cika, amma waɗannan ƙananan ba su cancanci a cire lafiyayyen abu saboda su ba. Duk wanda ya mutu, a maye shi da mara nauyi.

Kawunan silinda na alminiyam suna sauke kusan kilo 20 a ƙaramin inji, fiye da haka a babba. Ba su cikin kayan araha, sai dai in dama za ka buɗe injin. Haka giyabos: tsakanin TH400 da TH350 bambancin bai wuce kilo 7 ba, bai kai wahalar sauke shi ba. Sitiyari mai fawa kuma, komawa na hannu yana rage kilo 10 ko sama, amma ka yi tunanin juya Chevelle mai faffaɗan taya a wurin fakin kafin ka yanke shawara.

Batir

Mayar da batir but ba ya rage nauyi, yana ma ƙara kilo 3 ko 4 na waya. Abin da yake yi shi ne ɗauke kilo 18 zuwa 20 daga ƙarshen hanci ya ɗora su a kan ƙafafun baya. Ka sa shi a gefen dama, domin lokacin tashi murɗin inji ƙafar baya ta dama yake sassauta wa nauyi. Yi amfani da waya mai kauri sosai, irin ta injin walda, ka bi da ita nesa da salansa, ka sa roba duk inda ta ratsa ƙarfe. Dabara mai kyau ita ce saka solinoid irin na Ford kusa da batir, yadda babbar wayar ba za ta ɗauki wuta ba sai lokacin tayar da mota, ƙaramar wayar caji kuma ka sa mata fiyus a bakin batir. Batirin ya zauna cikin rufaffen akwati mai bututun fitar da gas waje, a ɗaure shi da notocin da suka ratsa daɓe zuwa ƙarfe mai ƙarfi. In za ka shiga filin da ke bin dokokin NHRA, ƙungiyar tseren miƙaƙƙiyar hanya ta Amurka, za a nemi makunnin kashe wuta gaba ɗaya a bayan mota, inda ma'aikacin fili zai iya kai hannu.

Wanda ba ya son wannan aikin yana iya barin batir a gaba ya sayi ƙaramin rufaffen batir irin AGM mai kilo 7. Yana tayar da ƙaramin inji lafiya, amma babban inji a sanyin Michigan zai ba shi wuya.

Ƙafafu

Wilin ƙarfe mai inci 15 yakan kai kilo 10 zuwa 11. Na alminiyam mai kyau 7 zuwa 8. Ka auna kafin ka saya, domin akwai na alminiyam na ado da suka fi na ƙarfe nauyi, manyan wili masu inci 18 da 20 kuwa kusan kullum ƙarin kaya ne. Na hannu ka wanke shi tas, ka duba tsagewa a kewayen ramukan noti. Taya ma tana da nauyinta, kuma ita ce ta fi nisa da tsakiya, don haka faɗin da motarka ba ta buƙata a gaba asara ce. Wasu motocin GM na shekarun 1980 sun fito da gangar birkin baya ta alminiyam mai inci 9.5, masu Chevelle sun daɗe suna farautarta a wurin 'yan gwangwan. In ka samu, ka sa a auna cikinta a tabbatar ba ta cinye ba. Ƙurar tsohon birki kada ka hura ta da iska, ka jiƙa ta ka share.

Bodi, da abin da ba a taɓawa

Bonet ɗin ƙarfe kilo 23 zuwa 27 ne. Na faiba mai hawa kan hinjin asali kusan rabin haka, wanda ake ɗagawa gaba ɗaya kuma bai fi kilo 7 ba. Kuɗinsa na gaskiya ya haɗa da gyaran zama da fenti, domin ba kasafai faiba ke zama daidai daga kwali ba. Ka canja sifirin ɗin hinji zuwa masu laushi, in ba haka ba za su lanƙwasa shi, kuma ka sa ƙusoshin riƙe bonet. Bonet ɗin da ya tashi ana gudu gilashin gaba yake rufewa. Fendojin ciki na roba ma akwai su, Oldsmobile ta saka jajaye a 442 W-30 tun daga masana'anta. Chevelle tana da shasi daban, don haka fendar cikinta ba ta ɗaukar nauyin mota. A Mustang kuwa bangon da ke gefen inji shi ne ƙashin motar, ba a yanka shi.

Motocin 1973 zuwa sama suna da manyan bamba saboda dokar karon mil 5 a awa, kuma akwai kilo da yawa a bayansu. 'Yan tsere suna cire ƙarfen cikin, amma a titi shi ke tare lagireto da tanki. Ƙarfen da ke cikin ƙofa don karon gefe, gilashin gaba mai leda a tsaka, waifa, birkin hannu, sandar hana tangaɗi ta gaba, ƙarafunan ƙarfafa motar da rufinta ke buɗewa, duk a bar su. Gilashin roba irin Lexan rabin nauyin gilashi ne, amma yana karcewa da wuri kuma na filin tsere ne. Salansar da aka datse a ƙarƙashin kujera tana rage kilo, tana kuma tura hayaƙi mai kisa cikin mota ta kowace ɓular daɓe, don haka bakinta ya wuce inda mutane ke zama. Huda shasi irin na Pontiac kuwa, su kansu motocin sun yi fama da tsagewa tun suna sababbi, balle ƙarfen da ya shekara hamsin yana shan gishirin hanya. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Bayan an sauke kayan

In ka cire kilo 70 ko 80 daga gaba, hancin motar zai ɗaga, musamman in da na'urar sanyi ta fito, domin irinsu sifirin ɗinsu ya fi tauri. Ka hau ta kwana biyu ta zauna, sannan ka auna tsayi daga ƙasa zuwa bakin fenda a kusurwa huɗu. In gaban ya yi sama da yawa, ka nemi sifirin na motar da ba ta da na'urar sanyi. Mai son yankewa ya rage rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, da faifan yanka, ban da wutar walda, wadda ke kashe ƙarfen. Sifirin ɗin gaba a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum, ba a fitar da shi sai da abin matse shi da sarƙar tsaro. Daga nan ka kai a saita ƙafafu, ka gyara hasken fitilun gaba.

Sai gwajin birki. Nemi fili babu kowa, ka taka da ƙarfi daga gudun kilomita 50 a awa, sannan 80. Ƙafafun gaba ya kamata su fara kamewa. In na baya suka riga su, motar za ta juya da kai, alamar bayan ya yi sakayau da yawa ke nan, sai ka saka bawul mai rage matsin birkin baya wanda ake saitawa da hannu, ka riƙa juya shi kaɗan-kaɗan kana sake gwadawa. In wannan ya daidaita, cika tanki fal ka koma kan sikelin da ka fara da shi, ka auna gaba da baya daban-daban, ka rubuta sababbin lambobin a ƙarƙashin na farko.